Rediyona ya mutu: in sayi wani ko in sa talabijin a teburin shayi?

Mai Shayin Bakin Titi: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina da teburin shayi a Kano. Rediyon da na gada tare da teburin daga yayana ya mutu, mai gyara ya ce in haƙura da shi. Kuɗin hannuna ba za su yi abu biyu ba: ko sabon rediyo mai caji, ko in haɗa da kuɗin adashina in ɗauko ƙaramin talabijin na hannu. Dattawan da ke zuwa bayan asuba don BBC suke zama, shayi ɗaya za su sha su yi ta muhawara har rana ta fito. Samarin dare kuwa su ne masu indomi da ƙwai, cinikin nasu ne, amma da an fara labaran takwas da rabi sai ka ji "Malam kashe mana, kanmu ciwo yake." Wa zan bi? Ku lura, ba ni da janareto.

Abban Ilham: Wa alaikumus salam. Ka sa babban talabijin da dikoda, ranar da Arsenal ke wasa ka ga ciniki. Janareto kawai za ka riƙa tayarwa.

Mai Shayin Bakin Titi: Yallaɓai na ce ba ni da shi.

Baba Tsohon Malami: Ɗana, kar ka yar da rediyo. Tun 1957 BBC ke magana da Hausa, kafin nan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, mutum ɗaya ya karanta wa majalisa guda. Mu da haka muka san duniya. Yaran yanzu ka tambaye su sunan ɗan majalisar mazaɓarsu sai su yi ta kallonka. A 2014 da aka yaɗa cewa wanka da ruwan gishiri na maganin Ebola, ta waya maganar ta bi gari. Dubu takwas za ka samu rediyo mai kyau a Sabon Gari.

Ɗan Kasuwa: Baba wace shekara ka je kasuwar? Mai sola da fitila na saya wa mahaifiyata dubu ashirin da biyu.

Ummu Sadiq: Ni sha huɗu na saya, har da wurin sa memori.

Ɗan Kasuwa: Hajiya wannan wata uku ne batirin ya kumbura, ki rubuta ki ajiye.

Ɗan Zamfara: Baba, da girmanka, amma ba rashin hankali ya raba mu da labarai ba. Ni da rediyo na tashi, mahaifina ratayawa yake a reshen bishiya muna noma. Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu ina nan birni ina ga-ruwa. Da dare na kunna, na manna shi a kunne ina jira. Aka faɗi sunan ƙaramar hukumarmu, aka faɗi adadi, aka ce hukumomi sun ce suna bincike, sai aka wuce labarin rikicin jam'iyya. Cikin adadin nan akwai ƙanina, ko aure bai yi ba. Sunansa a WhatsApp na gani, wani yaro ya ɗauki gawarwakin a jere a ƙofar masallaci, da takalminsa na gane shi. Washegari aka kawo wani babba ya yi minti goma yana cewa an samu sauƙin tsaro. Daga ranar ban sake kunnawa ba. Me zan ji? Kullum an kashe, an sace, an ƙara kuɗin mai. Wanda ya ji da wanda bai ji ba, farashi ɗaya muke sayen kwanon masara.

Ummu Sadiq: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri.

Baba Tsohon Malami: Allah Ya gafarta masa. Na ji zafinka ɗana. Sai dai ɗan jaridar da ya faɗi adadin nan, ba don shi ba har adadin sai a musa.

Ɗan Zamfara: Amin, na gode. Ban ce ya yi ƙarya ba Baba.

Ɗan Maraɗi: Allah Ya jiƙan musulmi. Mu nan Nijar an rufe RFI, rediyon Faransa, a Agustan 2023, BBC ma an dakatar da ita wata uku a Disamban 2024. Muryar Amurka kuma ta yi shiru a Maris 2025, daga can aka yanke kuɗin. Ka sayi rediyon ka kama me?

Abban Ilham: Ka ji ko? Talabijin dai.

Ɗan Kasuwa: Kai ka taɓa soya ƙwai ka sayar? A bar masu sana'a su yi magana.

Abban Ilham: Kai ma ai atamfa kake sayarwa, ba shayi ba. Ni ko ba komai kullum a teburin nake cin abincin dare.

Kwamared: Shi ya sa uwargida ta kai ƙararka wajen mai unguwa.

Ummu Sadiq: Ku bar wasa, mutum na neman mafita. Yarana suna bin labari, a Facebook da TikTok suke gani, gajere-gajere. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, babban ɗana ne ya fara gaya mini, kafin rediyo. Abin da ke damuna, ba sa bambance shafin gidan jarida da na wani ɗan daba mai riƙe da waya.

Kwamared: Da wace datar za su bambance? Tun da NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ni hoto ma ba na buɗewa. Na sa ta wata guda, kwana tara aka ce ta ƙare.

Ɗan Kasuwa: Data ma da sauƙi. Mu an ce muna layin da ake ba wutar lantarki awa ashirin a rana, takardar kuɗi ta awa ashirin ake kawowa, wutar kuwa sai tsakar dare ta leƙo. Taransifomarmu da ta ƙone gida-gida aka bi ana karɓar kuɗin gyara.

Mai Shayin Bakin Titi: To jama'a, rediyon ko talabijin?

Kwamared: Nawa aka karɓa a gidanku Ɗan Kasuwa? Mu dubu biyar-biyar, kuma har yau ba a kawo ta ba.