Abin da majalisarmu ta tsayar kan masu larurar ƙwaƙwalwa

Jiya bayan isha'i zancen masu taɓin hankali ya taso a majalisarmu ta Gwale, ga abin da na tsinta.

An fi daɗewa a kan suna. Wani ma'aikacin jinya a cikinmu ya ce kalmar "mahaukaci" ce ke sa dangi su kulle ɗansu a ɗaki shekara da shekaru, don kada a ƙi auren ƙannensa. A ce ba shi da lafiya, ya wadatar.

Batun ruƙiyya ya jawo gardama. Aka tsaya kan a yi addu'a, a kuma kai mara lafiyar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano. Kada likita ya yi wa iyaye dariya in sun ce aljanu ne, malam kuma kada ya ce a ajiye magani. Mari da bulala dai babu wanda ya kare su, tunda ma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Wani dattijo ya ƙara da mai jegon da ta daina cin abinci, take ta kuka: a daina cewa shagwaɓa ce, a kai ta a duba.