Idan aji ya yi tsit: yaya kuke sa ɗalibi ya san kuna tare da shi?

Malamar ilimin sinadarai: Salamu alaikum malamai. Tun da korona ta kora mu Zoom a 2020 wani abu ke damuna. Sai ka jefa tambaya, kamara a kashe, makirfo a kashe, ba ka san ko da mutum a can ko ya tashi abinsa ba. A zauren lacca ma haka, 'yan layin baya nasu duniyar daban. Ku yaya kuke yi?

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam. Malama, sau da yawa shirun nan gaggawarmu ce ke haifar da shi. Mary Budd Rowe, wata mai binciken ilimi Ba'amurkiya, ta auna a shekarun 1970, ta tarar malami yakan jira kusan daƙiƙa 1 kacal bayan tambaya kafin ya amsa da kansa ko ya juya ga wani. Da aka kai jiran daƙiƙa 3 zuwa sama, amsoshi suka ƙara tsawo, masu magana suka ƙaru. A kan yara ta yi binciken, amma ni na ga ya yi aiki a kan manya. A Zoom nakan ƙara jiran, domin intanet na jinkiri, ɗalibi kuma sai ya lalubo maɓallin makirfo.

Farfesan fiziks: Ni hanyar Eric Mazur, malamin fiziks na Jami'ar Harvard, nake bi, wadda ya fara a farkon shekarun 1990. In ba da tambaya mai zaɓi huɗu, kowa ya zaɓa shi kaɗai, sannan ya juya ya yi ƙoƙarin shawo kan na kusa da shi, sai a sake zaɓe. Suna gardamar nakan sauka daga gaban allo in ratsa layuka ina saurare. A nan nake jin inda tunaninsu ya karkace, abin da ba za su taɓa faɗa mini a bainar jama'a ba. In na koma gaba na ce "na ji wasunku a baya suna cewa kaza", sai ka ga kawuna sun ɗago. Sun gane ana biye da su.

Malamar da ke koyarwa ta intanet kaɗai: Ranka ya daɗe, mu da ɗalibanmu ba ma haɗuwa a lokaci ɗaya, babu layin da zan ratsa. Garrison, Anderson da Archer na Jami'ar Alberta a Kanada sun fitar da tsarinsu na koyo ta intanet a 2000, inda aka raba aikin malami gida uku: tsara darasi, jan ragamar tattaunawa, da koyarwa kai tsaye. Na farkon ne mutane ke rainawa. Kowane farkon mako ina saka sanarwa a Moodle, manhajar da muke darasi a kanta, na kuma gaya musu tun farko cewa saƙonsu zai samu amsa cikin awa 48. Bidiyona gajeru ne, saboda nazarin 2014 kan bidiyoyin edX, wani dandalin darussa ta intanet, ya nuna kallo yana raguwa bayan minti 6. Amma abin da ya fi tasiri shi ne taƙaitawar ƙarshen mako, inda nake ambaton wanda ya kawo wane ra'ayi, in gyara kuskuren da ya fi yawo.

Malamin tarihi: Ni dai ban yarda a tilasta buɗe kamara ba. Wani datarsa ba ta kai ba, wata kuma ɗaki ɗaya take da ƙannenta. Nakan ce kowa ya rubuta jimla ɗaya a akwatin saƙo kada ya tura, sai na ce yanzu, duk su tura lokaci guda.

Farfesan fiziks: Malam, wannan zan ɗauka. Sai dai a aji mai mutum 300, wa zai karanta jimla 300?

Malamin tarihi: Ba duka ake karantawa ba, ranka ya daɗe. Nakan tsinci uku masu karo da juna, in ce masu su su kare kansu.