Man lafenda na maganin fargaba ko dai ƙamshi ne kawai?

Maman Ihsan: Slm jama'ar zaure. Dan Allah wa ya taɓa gwada man lafenda don faɗuwar gaba? Da dare ya yi sai ƙirjina ya riƙa dukan uku-uku ba gaira ba dalili, barci ya ƙaurace, wata ta ce in riƙa shaƙar sa amma ni ina tsoron kar ya zama ƙamshi kawai zan saya.

Anti Nas: Wslm, sannu ƙanwata, Allah ya kawo sauƙi. Ba ƙamshi kawai ba ne, akwai wani sinadari a cikinsa da ake ce wa linalul. A 2018 masana a jami'ar Kagoshima ta Japan sun shaƙa wa ɓeraye shi, sai aka ga tsoronsu ya ragu suna fitowa fili, amma ɓerayen da aka kashe wa jin wari ko gezau, kin ga kenan ta hanci saƙon ke isa ƙwaƙwalwa. Da aka ba su fulumazenil, maganin da ke toshe inda magungunan fargaba irin su Valium ke kamawa, sai aikin ya tsaya cak, wato ta hanyar GABA yake bi, shi ne birkin jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Yaya Babba: To Anti ai ɓera daban mutum daban 😂

Anti Nas: Gaskiyarka Yaya, shi ya sa ban ce ta dogara da shi ba. Wanda aka fi gwadawa a kan mutane kafson man lafenda ne na haɗiya, Silexan, na ƙasar Jamus, miligiram 80 sau ɗaya a rana. A wani gwaji na 2010 an kwatanta shi da lorazefam, maganin fargaba na asibiti, na sati 6 suka zo kusan kunnen doki, duk da dai lorazefam ɗin kaɗan aka bayar. Shi kuma Silexan ana ganin ƙofofin kalsiyam na jijiyoyi yake rage wa aiki, kuma ba a gan shi yana kama mutum ya kasa bari ba.

Ummu Sudais: Ni kafson na sha. Ba rana ɗaya yake aiki ba wlh sai da haƙuri, kuma ki shirya gyatsa, kina zaune cikin mutane sai ki ji lafenda ta taso miki har hanci kamar kin haɗiyi turare.

Maman Ihsan: Hhh to in ɗiga na kwalba a ruwa in sha mana?

Anti Nas: A'a kul! Na kwalba na shaƙa ne, yana da ƙarfi sosai, ki ɗiga a ƙyalle ko gefen matashi, ki kuma ɓoye shi daga yara. In kina da ciki ko shayarwa tambayi likita tukuna. Kuma bugun ƙirjin nan je a duba jininki da maƙoƙo, su ma suna kawo shi.

Yaya Babba: Wanda likita ya ɗora kan magani kuma kar ya yanke shi rana tsaka wai ya samu na ganye, irin su lorazefam a hankali ake janye su.

Maman Ihsan: Na gode sosai. Anti gwajin maƙoƙon sai da azumi ake yi ko ko yaushe?