Wai wane ne Likitan asali a Doctor Who?

Baban Sadiq: Salama alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke raina. Jiya na ƙona data a kan Doctor Who, shirin talabijin na BBC da jarumai ke karɓar matsayin Likita ɗaya bayan ɗaya, zangon da Ncuti Gatwa ya yi Likitan, ban kai rabi ba barci ya yi awon gaba da ni. BBC su haƙura su rufe Doctor Who haka nan. Tun 1 ga Janairun 2010 da David Tennant, Likitan asali, ya sauka, gawa kawai ake yi wa kwalliya. Wanda ke da ja ya fito.

Kawu Tudun Wada: Asali? Kai yaro, Tennant ai na goma ne a layi. William Hartnell ne ya buɗe fagen ranar 23 ga Nuwamban 1963, washegarin kisan Kennedy, hoto baƙi da fari. An dakatar da shirin a 1989, aka dawo da shi a 2005, sannan kuka waye gari kuka gan shi. Ko Tom Baker mai dogon mayafin wuya, da ya riƙe daga 1974 zuwa 1981, ba ya kiran kansa na asali.

Baban Sadiq: Allah ya huci zuciyar Kawu. Nufina wanda ya fi iyawa.

Kawu Tudun Wada: To ka ce gwani mana. Asali daban, gwani daban.

Maman Ilham: Kawu, tsakani da Allah ka taɓa zama ka kalli Hartnell ɗin nan, ko dai karantawa ka yi?

Kawu Tudun Wada: Hajiya, ba da ke nake ba.

Ɗan Jos: Ku tsaya tukuna. In maganar asali ake, mu za a tambaya. BBC da kansu suka goge tsofaffin faya-fayan shirin, har yanzu kusan kashi ɗari babu su. A 2013 aka sanar cewa wani Bature, Philip Morris, ya zo Jos ya tono gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin, aka samu kashi 9 da aka fid da rai da su, na zamanin Patrick Troughton, Likita na biyu. Daga labarai biyu ne, The Enemy of the World da The Web of Fear. Mu muka adana wa Turawa tarihinsu.

Auta: Adanawa ko mantuwa, Yaya? Ƙura ce ta binne su, ba wanda ya san suna nan.

Ɗan Jos: Da a Kano ne da tuni 'yan jari-bola sun auna su a kilo.

Maman Ilham: Ka fita harkar Kano! Kuma kashi na uku na The Web of Fear ɗin ai har yau ba a gan shi ba, ina adanawar take?

Auta: Ni fa duk wannan bai dame ni ba. Torchwood, shirin da ya fita daga cikin Doctor Who, ya fi uwar shirin. Ku kalli zangonsa mai suna Children of Earth na 2009, kashi biyar kacal, gwarzon shirin Kyaftin Jack Harkness a Cardiff, ba wasan yara a ciki.

Maman Ilham: Shi ya sa ba ya shiga gidana. The Sarah Jane Adventures, reshen shirin na yara, nake kunna wa su Ilham, ba sai na riƙe rimot a hannu ina jiran abin kunya ba. Kuma Auta, filashin da ka ara tun kafin azumi fa? Zangon Matt Smith, Likita na sha ɗaya, gaba ɗaya yana ciki.

Auta: Anti, na ba Baban Sadiq ya miƙo miki.

Baban Sadiq: Ni? Yaushe? Kar ka sa ni a ciki. Jama'a maganata fa a kan rubutun shirin ne, labarin ya lalace.

Kawu Tudun Wada: Ka fara janye kalmar asali.

Baban Sadiq: Ba zan janye ba. Da Tennant ba shi ne ba, me ya sa aka sake kiransa a 2023 da shirin ya cika shekara 60?

Ɗan Jos: Gatwa kuwa a Ruwanda aka haife shi. Ɗan Afirka ya karɓi makullin TARDIS, jirgin Likitan mai kama da akwatin 'yan sanda, kai kana barci. Hassada ce.

Baban Sadiq: Hassadar me? Gadon akwatin 'yan sanda zan ci?

Shugabar zaure: To, ya isa, an kira magariba. Ga abin da na fahimta. Baban Sadiq ya yi kuskure, Tennant ba na asali ba ne, ihu da guje-guje ne suka yi masa yawa. Kawu yana da gaskiya amma ya cika tsanani. Batun Jos da Kano babu ruwana, duk da dai kowa ya san inda aka samo fim ɗin. Kuma na lura duk surutun nan ba wanda ya iya kushe Peter Capaldi, wanda ya riƙe daga 2014 zuwa 2017, don haka a wurina an yi ittifaƙi shi ne gwani. Auta, ka mayar da filashi kafin Juma'a ko in cire ka.

Maman Ilham: Hajiya Shugaba, wa ya ma ambaci Capaldi a nan?

Shugabar zaure: Na rufe.