Wai Selwood ne kyaftin ɗin da ya fi kowa a ƙwallon Ostiraliya?

Baban Ummi: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakata: tunda ake ƙwallon Ostiraliya ba a yi kyaftin kamar Joel Selwood na Geelong ba. Wasa 355 ya buga, a 245 daga ciki shi ke jan ƙungiya, har ya shafe tarihin Stephen Kernahan mai 226. Ga kofi huɗu: 2007, 2009, 2011 da 2022. Mai ja ya fito fili.

Ɗan Shaho: Yaya, da girmanka, amma ka yi mana coge a lissafin nan. Kofin 2007 da na 2009 Tom Harley ne ya ɗaga, na 2011 kuma Cameron Ling. Sai a 2012 aka ba Selwood kyaftin, kuma ya shekara goma yana fafutuka kafin ya ɗaga guda ɗaya tal. Luke Hodge namu na Hawthorn fa? Uku a jere yana kyaftin, 2013, 2014, 2015. Sau biyu yana karɓar lambar Norm Smith ta gwarzon wasan ƙarshe. Ta farkon ma a 2008 ce, a kan Geelong ɗinku, Selwood yana cikin fili yana kallo.

Baban Ummi: Ƙanena, wa ke kewaye da Hodge? Sam Mitchell, Roughead, Cyril Rioli, ga Clarkson yana horarwa. Selwood kuwa ƙungiya ya gada tana tsufa. Gary Ablett ya koma Gold Coast, Ling ya yi ritaya, Scarlett ma ya bi bayansa a ƙarshen 2012. Duk da haka sau ɗaya kacal Geelong ta kasa shiga zagayen neman kofi a zamaninsa, a 2015. A gasar da ƙungiyar ƙarshe a tebur ke fara zaɓen sabbin yara, ga kuma iyaka a kan albashi, zama a sama shekara da shekaru ba wasa ba ne.

Ɗan Shaho: Shiga zagaye daban, cin kofi daban. Wasan kusa da na ƙarshe nawa kuka zubar? 2013 mu muka fitar da ku da maki biyar. 2016 Sydney, 2017 Adelaide, 2019 Richmond, 2021 Melbourne ta yi muku kaca-kaca da ratar maki 83. Da kuka kai wasan ƙarshe a 2020 ma Richmond ce ta tafi da kofin. Mu kuwa tauraronmu Lance Franklin ya bar mu ya koma Sydney, muka haɗu da su a wasan ƙarshe na 2014 muka lallasa su, har Hodge ya sumbace shi a kumatu ana cikin wasa.

Autan Gida: Ku yi haƙuri manya, ni sabon shiga ne. Me ya sa lokacin da Selwood ke wasa magoya bayan wasu ƙungiyoyi ke masa ihu in ya riƙe ƙwallo?

Anti Maman Biyu: Yauwa Auta, ka taɓo inda Baban Ummi ba ya so. Dokar wasan ita ce in za ka kama mai ƙwallo, tsakanin kafaɗa da gwiwa za ka riƙe shi. Hannunka ya kai wuya, alƙalin wasa ya ba shi bugu. To shi Selwood yana jin an rungumo shi sai ya ɗan sauke gwiwa, ya ɗage hannu ya murza kafaɗa, hannun mai kamu ya sulale ya hau wuya. Sai usur. Ya yi shekaru yana cin wannan kasuwa. Ni jarumtarsa ba na musu, sau nawa aka naɗe masa kai da bandeji jini na zuba ya koma fili. Amma wayon nan ya rage masa kwarjini a idona.

Baban Ummi: Anti, wanda ya san doka ya ci moriyarta ba ɓarawo ba ne. Kuma mai cusa kansa ƙarƙashin ƙafafun ƙarti don ya ɗauko ƙwallo, dole hannaye su riƙa samun wuyansa.

Anti Maman Biyu: Yara sun kwaikwaya ai, har sai da hukumar AFL mai kula da gasar ta fito a 2022 ta ce wanda ya duƙa da gangan kada ya sa rai da bugu.

Alhaji na Brisbane: Yara, kuna ta gardama kamar an fara wasan nan jiya. Michael Voss ya ja Brisbane Lions ta ci uku a jere, 2001 zuwa 2003, kuma duk a Melbourne aka buga, sai sun hau jirgi sun je gidan mutane. Ga lambar Brownlow, ta gwarzon ɗan wasan shekara da alƙalan wasa ke zaɓa, da ya raba da James Hird a 1996. Hodge bai taɓa samunta ba, Selwood ma ƙuri'a ɗaya ta hana shi a 2013, Ablett ya ɗauka. Sai dai zan ba Baban Ummi abu guda. A 2022 kowa cewa yake Geelong tsofaffi ne, sai ga su sun ci wasa 16 a jere, suka gama da Sydney 133 da 52. Wasan Selwood na 40 ke nan a zagayen kofi, ya wuce 39 na Michael Tuck. Riƙe mutane kada su karaya bayan faɗuwa shida irin waɗanda Ɗan Shaho ya lissafa, wannan aikin kyaftin ne.

Baban Ummi: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Ka ji ko, ƙanena?

Alhaji na Brisbane: Kada ka yi saurin murna. Na uku na sa shi, bayan Voss da Hodge.

Ɗan Shaho: Ranka ya daɗe, Hodge ya buga muku kaka biyu a Brisbane, ko don wannan a ɗora shi sama da Voss mana.

Autan Gida: To Trent Cotchin na Richmond fa? Na ga shi ma uku ya ɗaga, 2017, 2019 da 2020, ban ji wanda ya ambace shi ba.