Neman kalma: me za mu kira synthesizer da Hausa?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan kalma ɗaya. Daren jiya na koma sauraron faifan farko na ƙungiyar mawaƙa ta Yazoo, mai suna Upstairs at Eric's, wanda ya fito a 1982. Mutum biyu ne kacal, dukansu 'yan garin Basildon na Ingila: Alison Moyet ke waƙa, Vince Clarke ke kiɗa, bayan ya bar ƙungiyar Depeche Mode a ƙarshen 1981. Ina cikin sauraro ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, wane irin fiyano ne wannan?" Na ce masa ba fiyano ba ne. Ya ce to mene ne? Nan na yi shiru, don synthesizer ake kiran na'urar da Turanci, amma ba ni da sunanta da Hausa.

Na san kalmar fiyano ta riga ta zauna. Duk wanda ya taɓa shiga situdiyo a Kano ya ga na'urar Yamaha da ake yi wa waƙoƙin fim kiɗa da ita, kuma kowa "kiɗan fiyano" yake cewa. Ban zo in kori wannan kalma ba. Amma aikin da muka fi sa fiyanon situdiyo shi ne kwaikwayo: ka danna nan ya yi maka sarewa, ka danna can ya yi ganga. Sautin da ke cikin faifan nan kuwa bai kwaikwayi kowa ba, kuma ba ya ɓoye cewa daga lantarki ya fito.

Ga yadda abin yake aiki, don a nan nake ganin sunan yake. Lantarki ne ke kaɗawa a cikin na'urar, ya fitar da ɗanyen sauti mai kaushi, kamar ƙugin ƙudan zuma. Sai makaɗi ya yi ta murɗa maɓallai: ya tace sautin, ya rage masa kaifi, ya tsara yadda zai faso da yadda zai mutu, ko ya tsaya cak ko ya ja wutsiya. Pro-One, na'urar da Clarke ya yi aiki da ita sosai a lokacin, murya ɗaya tak take fitarwa a lokaci guda, saboda haka dole a ɗauki kowane layin kiɗa daban, a ɗora wani kan wani. Shi ya sa kiɗan yake da sarari a tsakiyarsa, siriri, tsaf. A cikin wannan sararin muryar Moyet ke zama, mai kauri da ɗumi. Shekara arba'in da ɗoriya, har yanzu haɗuwar sanyin na'ura da ɗumin muryar nan tana tayar mini da tsigar jiki.

Wani ɗan uwa ya ce mu rubuta sintesaiza mu huta, kamar yadda muka yi da kwamfuta. Ban ƙi ba, amma tana da nauyi a harshe, kuma ba ta gaya wa mai ji komai. "Na'urar kiɗa" ta yi faɗi, har rediyo sai ta shige ciki. "Na'urar haɗa sauti" kuma masu situdiyo za su ɗauka teburin da ake daidaita muryoyi ake nufi.

Abin da ya kwanta mini shi ne maƙerar sauti. Maƙeri ɗanyen ƙarfe yake ɗauka, ya hura zugazugi, ya doka a kan uwar maƙera har fartanya ta fito. Haka makaɗin nan yake yi da lantarki. Abin da ya fito kuma sai mu kira shi ƙerarren sauti.

Da farko na so in kira synth-pop, wato salon kiɗan da ake yi da wannan na'ura irin na Yazoo, "kiɗan maƙera", sai wani dattijo ya tsayar da ni. Ya ce, "Yaro, wannan suna da mai shi. Maƙera suna da kiɗansu na dundufa tun kaka da kakanni." Baba ya yi gaskiya, na janye. A yanzu na tsaya a kan kiɗan ƙerarren sauti, ko da yake na san ya ɗan yi tsawo.

'Yan uwa na Nijar, ku nake jira musamman. Tun 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗan lantarki a Yamai da ogan ɗinsa, wata na'urar kiɗa mai kama da fiyano, shekara huɗu kafin faifan Yazoo, kuma an daɗe ana jin sa a gidan rediyo da talabijin na ƙasa. Iyayenku da suka saurare shi a lokacin, da wane suna suke kiran abin da yake kaɗawa? In akwai kalmar da ta riga ta shiga bakin mutane, zan ajiye tawa in ɗauki tasu.