"Araha ba ta ado": har da mangwaron bazara?

Malam Na-Gefe: Jama'a, a warware mana wannan. Ana cewa araha ba ta ado, wato abin da aka samu da sauƙin kuɗi ba ya ƙarko. To a unguwannin bayan gari, daga Maris zuwa Mayu, mangwaro sai ka ce a roƙe ka ka ɗauka, kuma ya fi na kantunan cikin gari zaƙi. Ina karin maganar ta tsaya a nan?

Ɗan 'Yanlemo: Malam, araha iri biyu ce. Akwai ta yawa, akwai ta aibi. Mangwaron da aka tsinko a lambun bayan gida babu kuɗin mota a kansa, babu ladan dillali, babu asarar hanya. Lemon da ya taso daga Binuwai zuwa kasuwar 'Yanlemo ta Na'ibawa a Kano kuwa, duk wanda ya ruɓe a mota mai saye ne zai biya shi. Karin maganar da arahar aibi take.

Hajiya Mai Zobo: Alhaji, ka faɗa musu yadda ake gane aibin mana.

Ɗan 'Yanlemo: Mangwaro, ayaba, gwanda da gwaiba suna ci gaba da nuna bayan an cire su. In sun ƙosa, a sa su a kwali tare da nunanniyar ayaba ɗaya, kwana 2 zuwa 4 sun yi. A shimfiɗa su, kada a jibge, don na ƙasa zai dameje. Amma lemo, abarba, kankana da inabi, yadda aka cire su haka za su zauna, zaƙinsu ba ya ƙaruwa. Ɗanyar kankana ko kyauta ce asara ce. A duba gefen da ta kwanta a ƙasa: ya zama rawaya, ba fari ba. Lemo kuma a auna shi a hannu, mai nauyi shi ne mai ruwa. Koren ɓawo ba ɗanyantaka ba ce, rashin sanyin dare ne ke hana shi canja launi a ƙasarmu. Sai mangwaron da aka nunar da sinadarin kabayid, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta sha gargaɗi a kai: waje rawaya, ba ƙamshi a wajen mariƙin, ciki tsami da tauri.

Baba Mai Nahawu: Ni ban yarda da wannan rabe-raben ba. Magabata cewa suka yi "ado", ba su ce "ci" ba. Maganar sutura ce, atamfar da ke zuba a wankin farko. Wanda ke son ya yi wa mai sayen kayan marmari nasiha, ga "sayen nagari mai da kuɗi gida".

Malam Na-Gefe: Baba, ai har a wajen ɗaukar magini ana faɗinta.

Hajiya Mai Zobo: Ku bar ni in shigo ta inda arahar ke cutar mata. A ga farashin abarba ko inabi ya faɗi, a sayo da yawa, a matse, a ɗura a gora a rufe, ga ba wutar lantarki. Akwai yis, irin sinadarin da ke kumbura ƙullu, a jikin ɓawo tun daga gona. A zafin bazara, kwana 2 ko 3 ya fara cinye sukarin yana mai da shi barasa. Alamarsa gora ta kumbura, ta yi tsaki in an buɗe, ga kumfa, ga ɗan yaji a harshe. Wannan a zubar. Hanyar da ake yin giyar inabi ke nan a Stellenbosch da Paarl, kusa da Kef Tawun a Afirka ta Kudu. Su da gangan suke yi, mu sakaci ke kai mu. Maganinsa: a wanke gora da tafasasshen ruwa, a ɗora ruwan 'ya'yan itacen a wuta har ya yi tururi sosai ba tare da ya tafasa ba, a huce, a sa a firij, a shanye cikin kwana 3. In babu tabbacin wutar lantarki, a matse na yini ɗaya kawai.

Baba Mai Nahawu: To Hajiya, nan laifin mai saye ne, ba na araha ba. Har yanzu ina kan bakana.

Ɗan 'Yanlemo: Baba, ka zo kasuwa da yamma lokacin da ake karya farashin ragowar kwando, ka juya na ƙasan ka gani.